Gidan da Ba Shi da Maƙwabta

Duk wanda ya tashi a babban gida ya san yadda gida ke juyewa ranar da aka ce baƙi na tafe. Tun jajibere ake sharar tsakar gida, a zaro sabuwar tabarma daga ƙarƙashin gado, a wanke kwanukan nan na saman kabad da ba a taɓa su sai da dalili. Samarin gida ne kan ji jiki: a kwashe su da tarkacensu a mayar zaure, a turare ɗakin, a shimfiɗa zanen gado mai ƙamshin akwati. Baƙo ya iso ya tarar da ruwan randa mai sanyi, ya ci, ya sha, ya yi barcinsa, ya koma garinsu yana cewa gidan Alhaji wane akwai albarka. Bai ga wadda ta hura wuta tun kafin assalatu ba, bai ji cacar bakin da aka yi a madafi kan wanda ya ƙarar da man gyaɗa ba, bai kuma san tiren da aka jero masa abinci a kai na maƙwabta ne ba. Da ma haka ake so. Baƙon da ya ga wahalar da aka sha dominsa, loma ba ta wuce masa da daɗi.

Wannan hidimar ce ke faɗo mini a rai idan ana zancen ƙananan jiragen ruwan alfarma da ke yawo da masu hannu da shuni a gabashin Indonesiya. A gefen babban tsibirin Papua akwai tarin tsibirai fiye da 1,500 da ake kira Raja Ampat, ma'ana sarakuna huɗu, masu manyan tsibirai huɗu: Waigeo, Batanta, Salawati da Misool. Baƙi kan sauka a birnin Sorong ta jirgin sama, a kai su tashar ruwa, daga nan sai bayan kwana bakwai ko goma ko sha biyu za su sake taka kwalta. Jirgin da za su hau ba irin dodannin nan ba ne masu hawa goma sha wani abu da ke kwasar dubban mutane. Tsawonsa bai cika wuce mita 30 zuwa 50 ba, ɗakunan kwana shida ko takwas, baƙi goma sha biyu zuwa sha shida, ma'aikata kuma kusan yawan baƙin, wani lokaci ma su fi su. Kuɗin kwanan mutum ɗaya ɗaruruwan daloli ne, a wasu jiragen har ya haura dubu. Ka ɗauke ido daga kuɗin ka dubi tsarin zaman, za ka ga gida ne irin wanda ka sani: ga maigida, ga yaran gida, ga madafi, ga randa, ga ɗakin baƙi. Sai dai babu katangar da za a leƙa a ce a sam mana gishiri.

Yawancin jiragen na katako ne, ana ce musu pinisi, kuma ba a masana'anta ake haɗa su ba. A bakin yashi ake gina su, a garuruwan Tana Beru da Bira da ke yankin Bulukumba a kudancin tsibirin Sulawesi, inda mutanen Konjo suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Babban gwanin aikin, wanda suke kira panrita lopi, tamkar sarkin magina ne a wurinmu. Bisa al'ada ba ya zana komai a takarda. Fasalin jirgin na cikin kansa, kamar yadda tsohon magini ke ɗaga bakan soro da ido da igiya. Su kan fara da jikin jirgin, su haɗa katako da katako da turakun itace, daga baya su dasa haƙarƙarin ciki. In aiki ya kammala sai a huda wa jirgi cibiya a tsakiyar ƙashin bayansa, a yi addu'a, a yi yanka, jama'ar gari su taru su tura shi ruwa. Haihuwa ke nan da suna a lokaci guda. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin al'adun gado na 'yan Adam. Kakannin waɗannan jiragen katako suke ɗauka daga Kalimantan zuwa Java, da buhunan shinkafa da siminti. A inda a da ake jibge buhu, yau gado ne mai farin zane.

Pinisi na da dogayen ginshiƙai biyu da filafilai bakwai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Su ne ke jikin hoton talla. Amma tun wajen shekarun 1970 inji ya shiga jiragen, kuma shi ke yin aikin. A jirage da yawa sau ɗaya ake ɗaga filafilan a duk tafiyar: a zaɓi yammaci mai kyau, yara su hau sama su kwance igiyoyi, a sa baƙi a kwale-kwale su zagaya suna ɗaukar hoto, a nannaɗe a mayar. Dokin basarake ke nan. Yana ɗaure a barga ana ba shi dawa da kanwa, maigidan na zirga-zirgarsa a mota, sai ranar hawan salla a yi masa ado a fito. Ba mai cewa dokin ƙarya ne. Da shi gidan ke tuna ko shi wane ne.

Abu na farko da ake karɓa daga hannun baƙo takalminsa ne. Akwai kwando a bakin shiga, a nan kowa zai tuɓe, kamar mai shiga ɗakin surukarsa, domin tsakuwa ɗaya a ƙasan takalmi ta isa ta karce katakon da aka sha wahalar gogewa. Kwana goma attajiri da yaron jirgi duk ƙafa a ƙasa. Daga nan a zaunar da baƙi a karanta musu dokokin gida: ga inda rigar ceto take, ga inda za a taru in an ji ƙararrawa ta yi tsawo, kada a jefa takarda a masai don bututun siriri ne, kada a sha taba a ɗaki don gidan itace ne. Irin jawabin da uwargida ke yi wa amarya ne washegarin tarewa, a nuna mata randar sha da ta wanke-wanke, sai dai a nan da murmushi da lemo mai sanyi ake yi.

Yankin na kan layin da ya raba duniya gida biyu, saboda haka dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara: wajen ƙarfe shida gari ya waye, wajen shida rana ta faɗi. Kafin nan yaran jirgi sun tashi. Da yawansu Musulmi ne 'yan Sulawesi, akwai kuma Kiristoci daga Flores da Papua. Mai sallar asuba a nan yana da aikin da ba mu da shi. Mu gabas muka sani, har mukan ce wane ya dubi gabas in ana nufin ya yi salla. Su alƙiblarsu yamma take, an ɗan karkata arewa. Bugu da ƙari, jirgin da ke tsaye a kan anka, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe shi, juyawa yake yadda ruwa ya ja shi, don haka kusurwar da aka fuskanta da isha'i ba lalle ita ce ta asuba ba. Sai an duba kamfas kafin a shimfiɗa darduma. Ana sallamewa sai guga da tsumma. A goge raɓa da gishirin da iskar dare ta bari a kujeru, a ɗora ruwan kofi, a jera tawul. Baƙo ya fito yana miƙa ya tarar da komai fes, kamar haka Allah ya wayi garin.

Maigidan shi ne kyaftin, wanda a harshensu ake kira nakhoda. Ba ya yawan magana, kowa na ce masa Pak, kamar mu ce Malam ko Baba. Ma'aikatansa kuwa anak buah kapal ake ce musu, kuma anak na nufin ɗa ko yaro. Kusan yadda muke cewa yaran gida ko yaran mota, ko da mutum ya yi furfura. Akwai injiniya a can ƙasa cikin zafi da ƙara, wanda baƙo kan gama tafiya bai riƙe fuskarsa ba. Akwai kuku da mataimakinsa, masu gyaran ɗakuna, direbobin kwale-kwale, da jagororin nutso. Sannan akwai mai kula da baƙi, mace ko namiji, wanda ya iya harsuna, ya san wadda ba ta cin jatan lande da wanda ba ya son a tashe shi da wuri. Wannan kujerar uwargida ce. Maigida ke cewa ga inda za a kwana, amma ita ta san wa ya kwana da fushi.

Ruwa shi ne babban darasi. Gidan na zaune a tsakiyar ruwa, ba kuma ɗigo ɗaya da zai shawu, domin kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kusan babban cokali biyu. A unguwa in famfo ya ɗauke, sai a leƙa waje a ƙwala wa mai ruwa kira ya turo kurarsa, ko a aiki yara da bokiti gidan mai rijiyar burtsatse. A nan mai ruwan wata na'ura ce a ɗakin inji, wadda ke matsa ruwan teku ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi, da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau ashirin. Ruwan daɗi ya wuce tanki, gishirin ya koma inda ya fito. Da shi ake girki, da shi baƙi ke wanka sau uku ko huɗu a yini, da shi ake ɗauraye kayan nutso da kyamarori. Injiniya na duba tankin nan yadda tsohuwa ke leƙa randa a watan azumin bazara. In na'urar ta yi tari, yaran jirgi ne za su fara rage wankansu tun kafin baƙo ya ji labari, kuma galibi ba zai ji ba.

Wuta ma haka. Babu layin da za a jira a kawo, babu maƙwabcin da za a kai wa waya caji. Janareta biyu ko fi ne ke karɓa-karɓa dare da rana, su ke riƙe da na'urar sanyaya ɗakuna, da firiza, da injin ruwa, da injin da ke cika tukwanen iska na masu nutso. Mu da muka saba da kukan janareta mun san ba a jin sa sai ya yi shiru. A jirgi wannan shirun ne ke tayar da injiniya daga barci a guje, domin in ya daɗe naman kwana goma ne zai narke, kanti kuma na can bayan tafiyar yini guda.

Saboda haka cefanen jirgi lissafi ne. Kafin a tashi daga Sorong kuku ya zagaye kasuwa ya loda shinkafa, ƙwai, kaji, kayan lambu da 'ya'yan itace na mutum talatin har ƙarshen tafiya. Ya san wanda zai fara lalacewa. Ganye da latas a kwanakin farko, tumatir da gwanda a tsakiya, kabeji da karas da kabewa da albasa su ne masu haƙurin kai wa ƙarshe. Mai lura zai iya gane kwana nawa aka yi a teku daga abin da ke cikin faranti. Ayaba kuwa ba ta da kara: nono guda da aka rataye a bayan jirgi sai ya nuna a rana ɗaya, daga nan sai soyayyar ayaba da safe, burodin ayaba da la'asar. Duk matar da ta taɓa raba buhun masara ya kai ta ƙarshen wata ta san wannan ilimin. Tukunya biyu ake ɗorawa. Ta baƙi na da burodi da cuku da taliya, tare da abincin ƙasar da aka rage wa yaji: soyayyar shinkafa da suke kira nasi goreng, da sate, ɗan'uwan tsirenmu, wanda ake ci da miyar gyaɗa. Ta yaran jirgi shinkafa ce safe da rana da dare, da kifi, da sambal, dakakken barkono mai sa hawaye. Baƙon da ya gaji da cokali mai yatsu ya zagaya baya ya nemi a ɗiba masa daga tukunyar yara, ranar ya sayi zuciyar kuku.

Yinin baƙo a kan ƙararrawa yake tafiya, kamar na ɗan makarantar kwana. A buga, a sha shayi da biskit, a taru gaban allo jagora ya zana fasalin dutsen da za a sauka da inda ruwa ke ja. A shiga kwale-kwale, a goya tukunyar iska, a faɗa ruwa ta baya. Bayan kamar awa guda a fito, a karya kumallo na sosai, a huta, a sake bugawa. Sau uku a yini, wani lokaci da na huɗu bayan magariba da tocila. Ruwan ɗumi gare shi, wajen digiri 28 zuwa 30, kamar wanda aka sirka wa jariri. Wanda ba ya nutso ya yi iyo a sama da madubin fuska, ko ya hau matakalar katako ta tsibirin Piaynemo ya hango tsibirai irin waɗanda hotonsu ke bayan takardar kuɗin ƙasar ta rupiya 100,000.

Abin da ke ƙasan ruwan shi ne dalilin duk wannan ɗawainiya. Akwai nau'in murjani fiye da 500 a Raja Ampat, kusan kashi uku cikin huɗu na masu gina duwatsun teku da aka sani a duniya. A wani wuri da ake kira Cape Kri, a mashigin Dampier, masanin kifaye Gerry Allen ya ƙirga nau'in kifi 374 a nutso guda a shekarar 2012. Kasuwa ce ranar cinta, kowa da layinsa: masu kiwo a jikin dutse, masu yawo garke-garke, 'yan sane masu jiran wani ya yi sakaci. Har rumfar wanzami akwai. Kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, wanda fikafikansa kan kai mita uku ko huɗu, yakan zo kan wani dutse ya tsaya cak, ƙananan kifaye su bi jikinsa da bakinsa suna tsince ƙwari da matacciyar fata. Wasu mantan na zagaye a baya suna jiran layi. Masu nutso su durƙusa a kan yashi daga nesa, kamar yaran da suka zo kallon aski.

A sama kuwa direban kwale-kwale na zaune cikin rana, idonsa a kan kumfar da ke tasowa. Ruwan mashigin nan na gudu kamar kogi a watan Agusta, yana iya ɗaukar mutum ya kai shi nesa cikin 'yan mintoci. Duk wanda ya taso sai ya hura wata doguwar balan-balan mai launin lemo don a hango shi. A tsamo su ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga. A koma jirgi a sake ƙirgawa, a kira suna. Baƙi kan ɗauki abin wasa, amma ƙirgar uwa ce da magariba, wadda ba ta rufe ƙofa sai ta ga kan kowane yaro. Ana gama ƙirga sai tawul mai ɗumi da shayin citta, wanda kuma shi ne maganin farko ga wanda jirin teku ya kama.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum goma sha huɗu da ba su taɓa ganin juna ba, tebur ɗaya, sau uku a yini, ba kuma zauren da mutum zai fice ya sha iska a majalisar wani. Daren farko kowa na ladabi. Zuwa kwana na huɗu an san mai dogon labari, an san mai makara a sa kwale-kwale jira, an san wanda ya mayar da kujerar inuwa gadon ubansa. A wurare da dama babu sabis na waya, duk da cewa wasu jiragen yanzu na da intanet ta tauraron ɗan'adam, don haka ba allon da mutum zai ɓuya a bayansa. A nan aikin uwargidan jirgi ke fitowa. Ta sauya wa mutane wurin zama ba tare da sun lura ba, ta raba masu tsama a kwale-kwale daban-daban, ta tuno ranar haihuwar wani a yi kek. Mai gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya zai gane wannan siyasar. Kuɗi sun sayi gado mai laushi, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa aiki ce da ake yi da gajiya a jiki.

Na ce gidan ba shi da maƙwabta, amma kowane ruwa da masu shi. Tsibiran nan na da ƙauyuka, irin su Arborek da Sawinggrai, kuma duwatsun murjanin da baƙi ke kallo gonakin gadonsu ne. Kowane baƙo na biyan kuɗin shiga yankin, a wasu wuraren kuma sai an sauka an gaida dattawan gari kafin a yi nutso. Mutanen ƙauye ne ke shiga gaba da asuba su kai baƙi gindin bishiyar da jan tsuntsun aljanna ke rawar neman aure, tsuntsun da Bature Alfred Russel Wallace ya zauna a ƙaramar bukka a yankin a 1860 yana nema. Da ɗan gari akan ci gari. Suna da wata al'ada mai suna sasi: a rufe wani yanki na teku wata da watanni, ba mai taɓa wasu halittun cikinsa, sai ranar da aka buɗe a taru a ɗiba. Mutumin Argungu da ya san yadda ake tsare ruwan Matan Fada har ranar su ba ya buƙatar a yi masa bayani. Shi ya sa kyaftin mai mutunci ba ya sakin anka a kan murjani, sai ya nemi ruwa mai zurfi ko igiyar ɗauri da aka tanada. A watan Maris na 2017 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Caledonian Sky ya hau kan dutsen murjani kusa da Kri, ya farfasa dubban murabba'in mita. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana tsiro, baƙo ya taka shi a yini ɗaya.

Da dare, bayan an kwashe kwanuka, baƙi sun shige ɗaki, sai a ji ƙarar sarƙa ana jan anka. Yawancin doguwar tafiya cikin dare ake yin ta, don baƙo ya kwanta a gaban wani tsibiri ya farka a gaban wani. Kyaftin da mataimakansa na karɓa-karɓar tuƙi, ido a kan na'ura, ido a kan duhu, saboda gungumen itace da ƙananan jiragen masunta marasa fitila. Wani yaro na sauka ƙasa lokaci-lokaci da tocila ya duba ruwan da ya taru a cikin jirgi, ya kunna famfo ya fitar. Jirgin katako ba ya rabuwa da ɗan tsatsafe, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Waɗanda ba su da aiki na can baya, inda aka keɓe musu, da kofi mai zaƙi da jita da taba kretek mai ƙamshin kanumfari. Kanumfarin nan da muke jefawa a kunu da yaji asalinsa tsibiran Maluku ne da ke yamma da nan, su Ternate da Tidore, kuma sarkin Tidore ya taɓa yin iko da Raja Ampat. Bahaushen da ya shaƙi hayaƙin zai ji ƙamshin madafin gidansu a inda bai zata ba.

Su kansu yaran 'yan ci-rani ne. Lokacin Raja Ampat daga wajen Oktoba ne zuwa Afrilu. In iska ta juya teku ta fara fushi, jirage da yawa kan yi ƙaura zuwa tsibirin Komodo, tafiyar da ta fi Kano zuwa Legas nisa, ta tekun Banda. A can ake kai baƙi kallon ƙaton damo mai tsawon mita uku, wanda bai gaji haƙurin namu damon ba ko kaɗan. Tsakanin ƙaura da ƙaura ake fitar da jirgi tudu, a kankare ƙasansa, a sauya katakon da tsutsar ruwa ta ci, a toshe tsaguwa, a shafa fenti, kamar yaɓen soro kafin damina. Yaron jirgi kan yi watanni bai ga iyalinsa ba. In an doso gari sabis ya shigo, za ka ga kowa ya nemi lungu da waya a kunne, ana tambayar jikin Inna, ana jin muryar ɗan da aka haifa bayan tafiya. Mai gadin da ya bar Zinder ko Daura ya tafi kudu neman na kai ya san wannan kiran.

Ranar ƙarshe ba a nutso, domin jiki na buƙatar kusan yini guda kafin a hau jirgin sama. A shanya kaya, a yi liyafa, yaran jirgi su fito da jita su yi waƙa. Kowane baƙo ya tarar da ambulan a ɗakinsa, ya sa tukuici, a haɗa a raba wa kowa, har da injiniyan da ba a gani. Da safe a mayar wa kowa takalminsa, ƙafa ta ji shi kamar na aro. A rungumi juna, wasu har da hawaye. Kwale-kwale bai gama ɓacewa ba an yaye zannuwan gado, kuku ya kama hanyar kasuwa, tankar mai ta iso. Baƙo raɓa ne. Gobe ko jibi wasu za su tuɓe takalmi a kwandon nan, a yi musu murmushin kamar su ne na farko.

Idan aka tattara abin da baƙon nan ya biya dubban daloli a kansa, ban da kifi da tsibirai, ga shi: ya farka ya tarar an share, ya buɗe famfo ruwa ya zo, abinci ya iso kafin yunwa, wani ya lura ransa a ɓace yake, wani ya ƙirga shi da magariba. A teku an san farashin kowanne, saboda babu maƙwabcin da zai toshe giɓi, komai sai an auna an rubuta an biya. A gidajenmu ba a rubutawa. Baƙon jirgi ya riƙe sunan kukun da ya ciyar da shi kwana goma, ya sa masa kuɗi a ambulan, ya ɗauki hoto da shi. A gidan da na tashi akwai wadda ta yi shekara talatin tana auna randa da buhu, tana ƙirga mu da magariba, tana aika yarinya ta ƙofar baya ta aro tire kafin baƙi su iso. Ban tuna ranar da wani a cikinmu ya leƙa madafi don ya gode mata ba. Abin da na tuna, mukan tsaya daga bakin ƙofa mu ce, "Inna, har yanzu ba a sauke ba?"